Yadda na koya wa maigidana zare ido

Maigidana injiniyan kwamfuta ne, amma tun zuwanmu Greensboro a Amurka kwali yake ɗagawa a wani sito da ke McLeansville, har bayansa ya fara ciwo. Duk kamfanin da ya nemi aiki, ba mutum ke yi masa intabiyu ba, na'ura ce. Ka zauna gaban kyamara, tambaya ta fito, ka amsa, ita za ta yanke ko ka isa ganin ɗan Adam.

Da farko ma cewa ta yi ba ta ga fuska ba. Mutum zaune da hularsa, wai babu kowa! Sai da na kwaso fitilun gidan kaf, har da ta kicin, na haske shi. Ta gan shi, ta kuma ƙi shi.

Maƙwabciyarmu a unguwar Glenwood, wata baƙar fatar Amurka da ta daɗe a harkar ɗaukar ma'aikata, ita ta kalli bidiyon gwajin intabiyu da ya ɗauki kansa a waya ta gano matsalar: sunkuyar da kai yake yi. To ya zai yi? Tun yana yaro aka koya masa ba a kallon babba a ido, kuma a wurinsa mai ba da aiki babba ne, ko da kwamfuta ce. Saura kaɗan ya ce wa na'urar ranki ya daɗe. Matar ta ce waɗanda suka ƙera abin babu irinmu a cikinsu, su sunkuyawa alamar rashin gaskiya ce.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Malam, ɗago. Daga yau ni za ka riƙa kallo." Ina yanka albasa yana zare min ido. Ina waya yana zare min ido. Da ya kau da kai sai in buga cokali a tukunya. Wallahi ni kaina na fara jin tsoronsa.

Ya ci intabiyun, ya samu aikin. Shi kaɗai ne baƙar fata a benensu, in ka cire mai gadi.

Ranar da ya kira mahaifinsa a Zariya ta bidiyo don ya yi masa albishir, ina gefe. Ya gaishe shi ido cikin ido, ko ƙiftawa babu. Tsohon ya ce a ba ni wayar.

"'Yata," ya ce da ni, "laifin me na yi wa yaron nan?"