Dalilin Ajiye Tsohon Aro

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: ni ne wawan wannan labari. Ba a yi takara ba, ni kaɗai na tsaya, kuma na ci.

Tsohon direba ne ni. Ƙarfina ya ƙare tsakanin Gumel da Maigatari, wani lokaci Gagarawa ko Sule Tankarkar idan lodi ya kira. Boko kuwa na ɗanɗana shi kamar miyar maƙwabta, ban ƙoshi ba, amma na san akwai gishiri. Autata ce ta ƙarasa karatun da na gudu na bari. Tana koyar da kwamfuta a wata sakandare, kuma ita da wasu mutane da ba ta taɓa gani ido da ido ba suna haɗa wata manhajar waya, mai gaya wa direbobi inda lodi ke jiran mota da hanyar da ruwa ya yanke.

Na tambaye ta wane ne mai manhajar. Ta ce kowa. Na ce abin kowa ai rabon ɓarawo ne.

"Baba, gayya ce," in ji ta. "Gonar a buɗe take, kowa ya zo da fartanyarsa. Sabon shiga ma akwai kunyar da muke ware masa, mai laushi, don ya koyi hannu."

Na ce gayya babu fura ban taɓa jin ta ba, amma na gyaɗa kai irin na wanda ya gane.

Wata rana da damina ta zo gida fuskarta babu walwala. Wai a cikin manhajar akwai wani yanki da ba su suka rubuta ba, aro ne daga aikin wasu, tasu ta jingina da shi kamar rumfa da dirka. Tsoho ne, ga nauyi. Duk sabon shiga da ya zo, abin da yake fara hangowa ke nan, sai ya ce a cire. Wanda ya saka shi ya bar aikin tuntuni, bai rubuta dalili ba, illa dai ta tuna yana yawan maganar bakin iyaka. Yanzu an yi matsaya: idan Juma'a ta zo babu wanda ya rubuta dalilin ajiye shi, za a cire, sabuwar manhajar ta shiga wayar kowane direba. Kuma maganarta ake jira, don ita ce ke zaune cikin direbobin.

Nan na gyara zama, don magana ta zo fannina. Na ce, "Auta, kayan da ba a san mai shi ba, a tasha ake sauke shi. Mota ba ta ɗaukar nauyi don kunya."

Ta ce a dai gwada tukuna. Ta karɓi wayata, wadda ta fi kowace waya tsufa a unguwarmu, har da kyauro na ɗaure bayanta. Ta saka mini samfurin da aka cire wa tsohon aron. "Ranar kasuwa ka je Maigatari, bakin iyaka, ka buɗe ta a can, ka gaya mini abin da ka gani. A can fa, Baba."

To ni abin da ya ɗaure mini kai, me ya haɗa waya da gari? Injin da ya tashi a Gumel ai zai tashi a Maigatari. Ranar Laraba ina zaune gindin darbejiyar tashar Gumel na buɗe ta. Wallahi har gudu take, kamar motar da aka sauke wa buhuna. Na kira Auta.

"Lafiya lau take. A cire."

"A Maigatarin ka gwada?"

"A ko'ina ma," na ce. A raina ban ɗauke ta ƙarya ba, hasashe ne na mai ƙwarewa.

Ashe a take ta rubuta wa 'yan gayyarta cewa an gwada a bakin iyaka, a hannun tsohon direba, babu matsala.

Ran Alhamis na tafi Maigatari don zumunci kawai. Na tarar da tsofaffin abokan aiki a rumfar mai shayi, na shiga cika baki cewa yanzu ni ake tuntuɓa kan harkar kwamfuta. Wani direba Badamagare, abokin wasana, ya ce, "To injiniya, duba mana ko ruwa ya yanke hanyar Sule Tankarkar, can zan bi."

Na fito da waya a hankali, don kowa ya gani. Na buɗe. Fari fat, ko ɗigo babu. Na rufe, na sake buɗewa. Na girgiza ta. Na kwance kyauro, na cire batir, na hura masa iska, na mayar da bismillah. Fari fat.

"Babu rezo, tsoho," in ji Badamagaren, wato babu sabis. "Nan ai haka take, sabis ɗinku ya gudu, namu bai iso ba."

Sai ya zaro tasa wayar, mai tsohuwar manhajar da ba a taɓa ba. Ita ma babu sabis, amma ga labarin hanya nan reras, na tun safe. Rumfa ɗaya, sama ɗaya, manhaja ɗaya, tasa tana magana, tawa ta yi gum. Na ce ko dai wayarsa ta fi jin Faransanci ne. Mai shayi ya yi dariya har ya zubar da madara.

Can sai na farga. Gobe Juma'a. Idan aka cire abin nan, duk direban da ke rumfar nan fari fat zai gani, kuma da bakin 'yata aka yanke hukuncin. Na bi ta bayan kara, ina ɗaga waya sama kamar mai neman wata, har na samu sabis a kan wani tudu.

"Auta, an samu ɗan canji a sakamakon bincike."

"Baba, jiya a ina ka gwada?"

"A gindin darbejiya."

"Wace darbejiyar?"

"Ai duk darbejiya ɗaya ce."

Kafin la'asar, Auta ta iso da kwamfutarta a mota. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Ta zauna a bencin mai shayi, ta jera wayata da ta Badamagaren, ta yi ta danne-danne. Daga baya ta ce ta gano: tsohon aron shi ke ajiye labarin ƙarshe a cikin waya, kamar guzuri, don idan sabis ya ɗauke a samu abin dubawa. Masu cewa a cire duk suna zaune ne inda sabis ba ya yankewa, shi ya sa ba su taɓa ganin ranarsa ba. A nan ta rubuta wa mutanenta cewa ta janye maganarta ta jiya, kuskure daga wajenta ne. Ba ta ambace ni ba.

Washegari ta zo gida ta karanta mana bayanin da ta rubuta, wanda aka liƙa daidai wurin da sunan aron yake, don sabon shiga ya ci karo da shi kafin ya ɗaga fartanya. Gajere ne: ga aikin da abin yake yi, ga mutanen da ke buƙatarsa, kuma duk mai son cirewa ya fara kashe datar wayarsa ya gwada, ya zo da abin da zai maye gurbinsa.

Na ce, "Tsaya. Wato da kashe data kawai na yi a gindin darbejiya, da ya isa?"

Ta ce da ya isa. Kaina ya ƙara kullewa. Ina neman inda zan maido da girmana, sai na ce, "Ni dai har yanzu ban gane wannan zamani ba. Abu tsoho, ga nauyi, an shekara ba a san amfaninsa ba, amma an ajiye shi, har da rubuta masa takardar yabo."

Mai ɗakina tana gefe tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗago ba.

"Malam, shi dai an gano dalilinsa, an rubuta. Kai da muke ajiye da kai tun ban san yaushe ba, har yau ana kan bincike."