Yadda Na Saci Muryar Ɗanlami

Ba zan faɗi sunana ba, saboda ina da dangi a garin nan kuma ba su suka yi laifin ba. A Barkin Sale aka haife ni, nan cikin Minna. Kakana maƙeri ne da ya biyo jirgin ƙasa daga Kano ya zauna, mahaifina kuma tela. Abu ɗaya na taso da shi da kowa ke yaba mini, shi ne murya. Duk wasan ƙwallon unguwa ni ake miƙa wa lasifika, ina kwaikwayon masu sharhi na rediyo, jama'a na dariya har da riƙe ciki. Babu muryar da zan saurara in kasa ɗauka. A wancan lokacin ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

Ɗanlami maƙwabcinmu ne, katanga ce kawai ta raba gidajenmu. Mahaifiyarsa Bagwariya ce daga wajen Garatu, mahaifinsa Banufe, don haka ya tashi da Gwaranci da Nufanci da Hausa a baki. Su coci suke zuwa, mu masallaci, amma a kwano ɗaya muka ci tuwo har muka girma. Tare aka ɗauke mu aikin wucin gadi a sashen yaɗa labarai na wata ƙaramar hukuma da ba zan ambata ba.

Ga yadda aikin yake. Idan kansiloli suka amince da sabuwar doka, shugaba ya sa hannu, ba a fara kama kowa sai an sanar da jama'a. A manna takarda a allon sanarwa na sakatariya, a kai wa dagatai da masu unguwanni, a ba limamai da fastoci su faɗa wa mabiyansu. Sannan motar shela ta zagaya kasuwanni da ƙauyuka da lasifika a kanta. Bayan haka a ba mutane wa'adi su shirya.

Da tsohon mai shela ya yi ritaya, ban yi shakkar wanda zai gaje shi ba. Har na faɗa wa Inna ta fara taya ni murna. Madam, shugabar sashenmu, ta gwada mu mu biyu, sai ta zaɓi Ɗanlami. Na bi ta ofis na ce, "Madam, ai kowa ya san na fi shi murya." Ta ce, "Ka fi shi. Amma tsohuwar da ke ƙauye ba daɗin murya take nema ba, so take ta gane abin da aka ce." Aka ba shi gaban mota, ni aka ba ni bokitin gam da burushi in riƙa manna takardu.

Tun daga ranar wani abu ya tsaya mini a ƙirji. Mutumin da ko "ƙasa" da "kasa" bai iya bambantawa ba, wanda zai ce "mace ya zo", shi ne yau gari ke tsayawa ya saurara. Matan kasuwa na kiransa Ɗanlami mai shela, manoma na jefa masa doya a bayan mota. Aka tabbatar masa da aiki, ya sayi babur, ya yi aure. Wata rana na dawo gida hannuna duk gam, sai Inna ta ce, "Yau na ji Ɗanlami a kasuwa, kai, Allah ya yi wa yaron nan albarka." Na kasa cin abincin da ta ajiye mini. Shi kuwa kullum da safe sai ya tsaya a ƙofarmu ya ce, "Mutumina, hau mu tafi." Ina zaune a bayansa ina kallon ƙeyarsa, kirkin nasa ya fi komai ƙona ni.

Da ƙaramin abu na fara. Aka yi dokar tsaftar kasuwa, aka ba ni takardu in manna. Sai na kwashe rabi na ba wani mai tsire ya riƙa naɗe nama. Da 'yan kasuwa suka zo ƙorafin cewa ba su ji labari ba, Madam ta hau Ɗanlami da faɗa, wai bai zagaya yadda ya kamata ba. Ina tsaye a wurin ina kallo. Wallahi wani sanyi na ji a raina, irin na wanda ya sha ruwan randa da rana tsaka.

Daga nan na gano wani abu: wanda bai san doka ba, duk mai riƙe da takarda shugabansa ne. Ni kuwa ina ganin kowace doka kafin kowa ya gani. Sai na samo rigar aiki, na fara bin masu tallar bakin titi tun wa'adi bai cika ba, in ɗaga takarda in ce sun karya doka. Wasu su ba ni na goro, wasu in tafi da kayansu. A haka na haɗu da Sule, direban a-kori-kura, wanda ya daɗe a harkar dabbobin sata.

Da damina ta matso, aka yi dokar ɗaure dabbobi don kada su ci shuka. Ainihin dokar ba ta ce a kwashe dabbar kowa ba. Cewa ta yi bayan wa'adi, duk akuyar da aka kama a gona a kai ta gidan dagaci, mai ita ya je ya amsa laifi. Ita ma na hana takardunta isa ƙauyuka. Na manne gilasan motar Sule da su, sai ta koma kamar ta hukuma, kuma ba mai ganin fuskar wanda ke ciki. Muka yi hayar lasifika, muka riga motar shela shiga ƙauyukan da ke bayan Garatu.

Da hantsi muke zuwa, lokacin maza na gona. Ina zaune a ciki sai in buɗe baki da muryar Ɗanlami, da gaisuwarsa ta Gwaranci da na haddace, da karyayyar Hausarsa. In ce daga yau duk dabbar da ba a ɗaure ba za a tafi da ita sakatariya, mai ita ya biyo baya ya karɓa. Yaran Sule su yi ta loda awaki da tumaki. Ba wanda ya hana. Ina jin mata na cewa, "Ai Ɗanlami ne, ɗanmu ne, gobe ma je mu karɓo." A wani ƙauye wata tsohuwa ta zo tana buga gilashi tana kiran sunansa, tana magana da Gwaranci tana nuna wata akuya mai ciki. Ban gane abin da take faɗa ba. Na ce wa Sule ya ja mota.

Gaskiya ɗaya ce: Sule awaki yake so. Ni abin da nake so shi ne bakin da ya sa wa Ɗanlami albarka ya koma ya tsine masa.

Na kuwa samu. Mutane suka je sakatariya ba su ga ko bindin akuya ba. Ranar da Ɗanlami ya shiga ƙauyen tsohuwar nan da motar gaskiya, bai san komai ba, yana fara gaisuwa suka kewaye shi. Dangin uwarsa ne wasunsu. Suka jawo shi ƙasa, wani ya sauke masa sanda a gefen kai. Da ƙyar direban hukuma, wani dattijo da muke kira Baba Audu, ya ƙwace shi. Aka dakatar da shi daga aiki, 'yan sanda suka fara bincikensa yana kwance a asibiti. Na je duba shi, har da lemo a leda. Ya riƙe hannuna ya ce, "Mutumina, sun rantse muryata suka ji. Wa zai yi mini haka?" Na ce Allah zai tona asirin ko wane ne.

Sai Madam ta ba ni motar shela. Na zauna a kujerar da na daɗe ina mafarki, na gyara murya, na zuba Hausa mai kyau a wata kasuwar ƙauye. Ba wanda ya ɗago kai. Mata suka ci gaba da auna dawarsu kamar iska ce ke kaɗawa. Raina ya ɓaci, na ce ashe ko yana kwance ya fi ni? Ban san lokacin da na saki gaisuwarsa ta Gwaranci da muryarsa ba, don kawai su juyo. Suka juyo kuwa, kasuwa ta yi tsit. Baba Audu ya kashe mota, ya zuba mini ido, ya ce, "Yaro, sake faɗa in ji." Na kasa. Ya tayar da mota, bai tsaya ko'ina ba sai ofishin 'yan sanda.

Ba a daɗe ba aka kama Sule da ragowar dabbobi a hanyar Zungeru, ya kuma faɗi komai. Alƙali ya ɗaure mu. Inna ta zo gidan yari ganina, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Da wane ido zan kalli uwar Ɗanlami ta kan katanga?" Daga baya na ji ta tattara kayanta ta koma wurin yayata, ta bar gidan da ta yi aure a ciki.

Ba zan ɓoye muku ba, gidan yari bai wanke ni nan take ba. Cikin zafi da cunkoso da kuɗin cizo, ranar da aka gaya mini an mayar da Ɗanlami bakin aiki, sai da na ji haushi. Wannan haushin ne ya fara ba ni tsoro. Na ce ashe ciwon nawa ba rashin aiki ba ne, tunda ga shi na rasa komai kuma yana nan daram. A nan na fara roƙon Allah da gaske.

Da aka sake ni, na daure na je gidansa. Ya daina fita da mota, kunnensa na hagu ya mutu, ƙarar lasifika na sa masa ciwon kai. A ofis yake zama yanzu yana fassara sanarwa wasu na karantawa. Ya fito, ya juyo mini da kunnensa mai ji. Na durƙusa na nemi gafara. Ya dube ni ya ce, "Na yafe wa ko wane ne tun ina asibiti, haka aka koya mana. Amma faɗa mini, me na yi maka?" Na ce, "Babu." Ya ce, "To shi ne abin da ya fi sandar zafi." Ya koma ciki ya rufe ƙofa. Ba mu sake zama wuri ɗaya ba.

Yanzu dako nake yi a kasuwa, ina cin halak ɗina. Ku ƙannena, shawara biyu zan ba ku. Duk wanda ya zo muku da sabuwar doka yana neman tafiya da kayanku, ko da muryar wa ya zo, ku je wurin mai unguwa ku tambaya, ku nemi ganin takardar, ku ji yaushe wa'adi zai cika. Ku kuma gaya wa iyayenku na ƙauye haka.

Ta biyun ta fi nauyi. Ni ba yunwa ce ta kai ni gidan yari ba, ba kuma mugun aboki ba, don ni ne mugun abokin. Idan aka ɗaga ɗan'uwanka ka ji ƙirjinka ya yi zafi, kada ka raina wannan zafin, kada ka kwana da shi kana ba shi hujja. Har yau idan aka yabi wani a gabana, abin nan yakan motsa, bai mutu ba. Abin da na koya kawai shi ne in yi sauri in ce Allah ya ƙara masa, kafin zuciyata ta riga bakina.