Ɓarin da Ya Tsage

Baba Mai Keke ake ce masa, ko da yake rabonsa da hawa keke tun yana saurayi. Keken ɗinki yake gyarawa, gida-gida da shago-shago, a kan wata tsohuwar besfa mai ruwan toka wadda ta girmi duk 'ya'yansa. Tun da gwiwoyinsa suka fara yi masa gardama, ita ce ƙafafunsa. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ya dafa bango, amma da zarar ya zauna a kanta ya saƙala akwatin kayan aiki a gabansa, babu lungun da ba ya shiga.

Babban ɗansa ya daɗe yana so ya ajiye ta. "Baba, ka huta mana. Duk inda za ka, ga mota, sai in kai ka." Baba ya san irin wannan kaiwar, ba ta wuce asibiti da gaisuwar mutuwa. Wa zai ɗauke shi a mota don ya je ya saita wa tela zaren ƙasa? A ƙarshe suka yi magana ɗaya: ranar da besfa ta yi kwanciyar da ba ta tashi, shi ma zai zauna.

Wata safiya ya faɗa rami, dutse ya daki ƙasan injin, baƙin mai ya bi titi. Bakanikensa, wanda ya gaji aikin besfar daga mahaifinsa, ya sauke injin ya buɗe. Kesin, wato ƙwaryar alminiyam da ke riƙe da kayan cikin inji, ɓari biyu ne da ake haɗawa da notuna. Ɗaya lafiya lau, ɗayan ya tsage.

"Bar ni in yi tunani, Baba," in ji bakaniken.

Baba ya san tunanin bakanike, yana iya kai mutum baɗi. Da ya ga hankalinsa ya koma kan wani babur, sai ya sa tsagaggen ɓarin a buhu don kwatance, ya shiga motar haya zuwa kasuwar tsofaffin ƙarafa. Ya sha wuya, yana tafiya yana zama a kan tayoyi, har Allah ya haɗa shi da wani mai gwangwan da ya zaƙulo masa irinsa sak daga ƙarƙashin tarkace. Abokin haɗinsa ya daɗe da farfashewa, amma ina ruwan Baba, ai ɗaya yake nema. Ɗaukar biyu ta fi ƙarfin gwiwarsa, sai ya bar tsohon a wurin. Ya dawo yana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Bakaniken ya juya ɓarin a hannu.

"Baba, ina namu?"

"Na bar musu. Me za a yi da fasasshe?"

"Ai waɗannan tare ake huda su tun daga kamfani, kuma tare suke tsufa. Na wani inji ba ya zama da na wani. Namu tsagar ba ta kai mazaunin boris ba, inda ƙarfen inji ke juyawa. Tunanin da na ce ina yi, mai waldar alminiyam nake nema mana."

Duk da haka ya gwada, don Baba ya gani da idonsa. In ya ɗaure notunan tam, inji ya cije ya ƙi juyawa. In ya sassauta, mai ya tsiyayo. Ya shafa gam, ya goga da fayil, abu ya ƙi. Cikakken kesin kuwa, ya ce rabonsa da ganinsa a kasuwa har ya manta.

Baba ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ko lokacin da ya faɗa ramin. Washegari da sassafe ya koma wurin mai gwangwan.

"Ayya Baba, alminiyam ba ya kwana a nan. Masu tukwane sun kwashe tun jiya."

Maƙerar tana can bayan kasuwa, mota ba ta shiga. Ya ja ƙafa yana bin bango har ya isa. Wuta na ci, ana zuba narkakken ƙarfe cikin ƙasar da aka yi wa siffa, ga sababbin tukwane da ludaya an jere suna shan iska. Ya kwatanta wa maƙerin abin da yake nema, har da inda tsagar ta bi.

"Kayan jiya duk sun shiga wuta, Baba."

"A wace tukunya ɓarin nawa ya shiga?"

Maƙerin ya dubi jerin tukwanen. "Wallahi haɗawa muke yi."

Baba ya nemi benci ya zauna. Ya so ya miƙe ya koma bakin titi, gwiwoyin suka ƙi. Can ya ciro wayarsa ya miƙa wa maƙerin.

"Ɗana, duba sunan farko ka kira min, babban yarona ne. Ka ce masa ya zo da motar."