Malam Rufa'i, Mai Taswirar Garin Da Ruwa Ya Ci

Kullum bayan sallar asuba, Malam Rufa'i Ɗan'azumi yakan duba cajin wayarsa kafin ya nemi koko. In ranar aiki ce, ya hau tsohon babur ɗinsa ya nufi sakandaren da yake koyar da labarin ƙasa a Tudun Wada. In kuwa Asabar ce, sai ya ƙulle wayar cikin leda biyu, ya rataya ta a wuya kamar laya, ya gangara bakin dam ɗin Tiga inda masunta suke ɗaure kwale-kwale. Matarsa Ramla ta ce shekara tara yana shiga ruwan nan, ko tarwaɗa ɗaya bai taɓa kawo mata ba, sai ƙarni a riga. Gaskiyarta, domin ba kifi ne yake kai shi ba. A ƙarshen watan nan zai ajiye alli ya yi ritaya, shi ya sa ya dace a faɗi abin da ya yi tun yana raye yana ji.

An haife shi a Kwarin Maje, ƙauyen da yanzu yake ƙarƙashin ruwa. Yana ɗan shekara tara aka tashe su aka mayar da su kan tudu, ruwa ya zo ya shafe gidaje da gonaki da rijiyoyi. Manomansu da yawa suka koma kamun kifi. To amma itatuwan tsohon garin ba su tafi ko'ina ba, kututturansu na nan a ƙasa suna yaga raga. Masunci zai shimfiɗa ragarsa lafiya lau, ya dawo ya tarar ta zama tsumma.

Daga nan aikin ya soma. Malam ya buɗe taswira a intanet, irin wadda mutum kan ga hoton ƙasa daga sama ya kuma sa tasa alamar a kai. Ya roƙi Buba, wani masunci maƙwabcinsa, ya riƙa shiga da shi ruwa. Duk inda raga ta taɓa maƙalewa, Buba ya tsayar da jirgi, Malam ya danna jan ɗigo. Da ɗigon suka yi yawa ya tura wa masunta taswirar a wayoyinsu. Yau mutum yana tuƙi yana ganin kansa a matsayin shuɗin ɗigo mai tafiya, in ya doshi ja sai ya kauce. Waɗanda suka fara yi masa dariya, suna cewa boko ya taɓa shi, su ne yanzu suke kiransa in wayarsu ta ƙi buɗewa.

Da wani ne, da nan ya tsaya. Shi kuwa sai ya ce ai kowane kututture bishiya ce, kowace bishiya kuma tana da suna da maƙwabta. Ya shiga bin dattawa yana ɗaukar muryarsu: gidan wa ke kusa da na wa, ina masallaci, ina maƙera, ina marina. Ya zana garin gida-gida, ya liƙa wa kowane gida muryar mai ba da labarinsa, yadda in ka danna sai ka ji tsoho yana magana. Abu ɗaya ya rage, wato a san daidai inda za a ɗora zanen a kan ruwa. Wata bazara da ruwa ya ja baya, ya ɗauki dattawa huɗu a jirgi. Alhaji Sha'aibu, wanda ya girme su duka, ya nuna wani baƙin kututture da sandarsa.

“Ga tsamiyar kasuwa nan,” in ji shi. “A gindinta na sayar da gyaɗata ta ƙarshe.”

“Haka ne, Alhaji,” in ji sauran ukun.

Malam ya daidaita zanen garin a taswira da wannan kututture, ya dawo gida yana murna. Sai dai jajayen ɗigon masunta sun ƙi dacewa da zanen. Inda ya zana fili nan raga take yagewa, inda ya zana rimaye uku na ƙofar gari kuwa ruwa sumul. Shekara huɗu yana kallon wannan saɓani yana ɗora laifin a kan waya.

Mahaifiyar Buba, Iya Kubura, ba ta taɓa yarda a ɗauki muryarta ba. In Malam ya je gaishe ta ya ɗauko zancen, sai ta ce, “Kai ɗan Hajara, ni me na sani? Je ka wajen maza.” Amma kowa a unguwar ya san abin da ta baro a Kwarin Maje. Ɗanta na fari ne, ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara biyu, saura 'yan makonni a tashi garin. Aka binne shi a bayan ɗakinta, kamar yadda ake yi wa ƙananan yara a ƙauyen a wancan zamani. Ba ta zancensa, kuma saboda kunyar ɗan fari ko Buba bai taɓa jin sunan yayan nasa daga bakinta ba.

Bara yanar ido ta fara rufe mata gani. Ran nan ita da kanta ta aika aka kira Malam.

“An ce ka san inda ɗakina yake,” in ji ta.

“Na sa shi a taswira, Iya.”

“To ka kai ni kafin idon nan ya ƙarasa. Addu'a nake so in yi a wurin, sau ɗaya tak.”

Suka fita da hantsi su uku, Buba na tuƙi, Iya na zaune a tsakiya riƙe da gefen jirgi hannu bibbiyu. Malam ya zuba wa waya ido har shuɗin ɗigo ya hau kan gidan da ya rubuta wa sunan mijinta. Ya ce, “Iya, mun iso.” Ba ta dubi ruwa ba. Ta ɗaga kai ta kare rana da tafin hannu, ta ƙura wa duwatsu biyu da ke tsallaken dam ido.

“Ba nan ba ne.”

“Iya, nan taswira ta nuna. Ga tsamiyar kasuwa can, Baba Alhaji da kansa ya nuna mana.”

“Shi Alhajin ya taɓa daka a bayan ɗakina? Shekara biyar ina daka ina kallon duwatsun can. Daga inda turmina yake, ƙaramin yana ɓuya bayan babban, kansa kawai ake gani. Nan kuwa ga su a rabe, har raƙumi ya wuce ta tsakaninsu. Wannan tsamiyar ta bakin rafi ce, inda muke wanki.”

Malam ya ce a ransa, lallai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ji kunya, ya kuma ji tsoro, domin tsohuwar ta fara gajiya, kuma babu tabbas idonta zai kai wata bazarar. Bai yi musu ba. Ya kife wayar a cinya ya ce, “Buba, bi hannun Iya.” Ta riƙa nuni, Buba na karkata jirgi, duwatsun suna matsowa kusa da juna sannu a hankali. Bayan tafiya mai ɗan tsawo ta ce a tsaya, ƙaramin ya shige bayan babban.

Malam ya ɗaga waya. Dab da su akwai wani jan ɗigo marar suna, kututturen da ya yaga wa Buba raga sau uku. Ya ja zanen garin gaba ɗaya da yatsa, ya ɗora tsamiyar kasuwa a kan wannan ɗigo. Nan take rimaye uku na ƙofar gari suka hau kan jajayen ɗigo uku da ke jere, kukar maƙera ma ta sami nata. Ya ce wa Buba ya ƙara gaba kaɗan ta gabas, gida na uku daga tsamiya.

A nan Iya Kubura ta ɗaga hannu ta yi addu'arta, su biyun suna amin. Da ta shafa, ta sa yatsu a ruwa ta daɗe ba ta cire ba. Malam ya sa sabon ɗigo, fari, ya tambaye ta a hankali, “Iya, me zan rubuta a wurin? Ko in sa bayan ɗakin Iya Kubura?”

Ta cire yatsunta daga ruwa.

“Rubuta Nasiru,” in ji ta.

Buba, mutum mai furfura a gemu, ya juya baya ya shiga gyaran igiyar da ba abin da ya same ta.

Daga baya Malam ya bi dattawan nan uku ɗaya bayan ɗaya, kowa a zaurensa. Biyu suka ce tun a jirgi sun san ba ita ba ce. Ɗaya ya ce, “To Malam, ni ne zan ƙaryata Alhaji a gaban mutane? Shi ya riƙe ni ranar kaciyata.” Wajen Alhaji Sha'aibu kuwa, Malam ya durƙusa ya nuna masa sabuwar taswirar ba tare da ya ce kowa ya yi kuskure ba. Tsohon ya duba, ya yi dariya ya ce, “Kubura ce ko? Tun tana amarya ba a kayar da ita a magana.” Tun daga ranar Malam ya daina tambayar dattawa a taro, ya kuma koma bin tsofaffin mata, waɗanda suka san garin ta hanyar rijiya da rafi da turmi. Muryoyinsu goma sha ɗaya yanzu suna cikin taswirar.

Na Ramla, gagara gajiya! Kai ne ka shiga ruwa shekara tara ba don kifi ba. Kai ne malamin labarin ƙasa da ka kife wayarka ka bi hannun tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, ka gyara kuskurenka a gaban kowa, ka rufa wa dattijo asirin nasa. Babu wanda ya sa ka, babu ofishin da ya san kana yi. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar cin ritaya, ko da yake mun san ba zama za ka yi ba.

Masu wayoyi a Bebeji da Kiru da Doguwa, irin tasa ce a aljihunku. Kowane gari yana da tsohuwar rijiya da burtali da kufai waɗanda tsoho ɗaya ko biyu kaɗai suka rage da saninsu. Ku je ku durƙusa ku tambaya, kowa shi kaɗai, kuma kada ku tsallake ɗakin iyaye mata.

Idon Iya Kubura ya rufe da damina, ba ta ƙara ganin duwatsun ba. Amma duk Juma'a in Buba ya dawo daga masallaci takan ce ya buɗe mata taswirar Malam. Sai ya kama yatsanta ya ɗora a kan farin ɗigon, ya ce, “Ga Yaya nan, Iya.”