Gwangwanin Tokin Malam

Mun tashi da asuba, ni da maƙwabciyata 'yar ƙasar Filifin, washegarin fitata daga takaba. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubuta mini. In kun ji magana ta yanke, kuka ne ya zo.

Tun zuwanmu New York maigidana Malam yake tuƙa motar ofishin jakadanci, yake kuma yi mini alkawarin zai kai ni inda jirgin ƙarƙashin ƙasa yake ƙarewa, can bakin teku. Da aka fara raɗe-raɗin ƙarin kuɗin jirgi, sai ya shiga sayen tokin, ɗan ƙarfen nan da ake jefawa a ƙofar tasha, yana tarawa a gwangwanin madara kamar mai cika rumbu. Yana dariya yana cewa ya riga Turawa wayo. Gwangwanin bai cika ba Allah ya karɓi abinsa. Da aka soma shirin mayar da ni Katsina, na ce ba zan tafi ba sai na ga tekun nan da tokinsa.

Maƙwabciyar tawa aikin jinya take yi, albashinta kuwa ba ya kwana, gida yake tafiya wurin 'ya'yanta. Tun da aka yi ƙarin ta daina hawa bas zuwa tasha. Don haka a ƙafa muka bi Fordham Road, shaguna a rufe, tana rungume da ƙunshin shinkafa da kifi, wai abincin bakin teku na attajirai ne.

A tasha na yi bisimilla na jefa tokin. Ƙofa ta ƙi juyawa. Na sake jefa wani, ta ƙi. Maƙwabciyata ta leƙa gwangwanin, ta nuna mini nata, ya fi nawa girma. Ashe ina cikin takaba aka canza shi, ni kuwa ko ƙofar gida ban leƙa ba.

Da ɗan Turancin da muke haɗawa da nuni ta ce, "Mama, wannan ya mutu." Sai ta kama bakinta.

Na ce, "Shi ma?" Na yi dariya har ta koma kuka.

Mai sayar da tokin ya ce zai karɓi tsofaffin ya ba ni sababbi, amma ba za su kai yawansu ba. Na ƙanƙame gwangwanin. Kowane ɗaya yatsun Malam sun taɓa shi. Maƙwabciyata kuwa ta buɗe jaka ta fito da nata na zuwa aiki. A nan idona ya faɗa kan takalminta, dunduniyarsa ta cinye ta karkace. Na zare ɗaya daga gwangwanin, na tura wa mutumin sauran.

Jirgi ya shiga duhu da mu yana jijjiga ni kamar goyo. A gilashin taga fuskoki suna yawo, har na ga kamar hular Malam a cikinsu, ban juya ba don kada ta ɓace. Can sai muka fito kan wata doguwar gada, haske ya zubo mana, ruwa a ƙasa, gidaje a sama kamar ba a kan komai suke tsaye ba.

A ƙarshen layi sanyi ne ya tarbe mu. Wuraren wasa duk a kulle, wani ƙaton lilo mai kama da ƙafar keke yana tsaye shiru. Ga tekun. Ban san haka yake numfashi ba, ya zo ya koma, kamar mai barci. Na ce, "Malam, na iso." Maƙwabciyata ta miƙa hannu ta ce 'ya'yanta suna bayan ruwan nan. Na ce nawa ma. Muka zauna a kan yashi muka ci shinkafa. Na barbaɗa mata yajin da na taho da shi, ta yi ta tari tana hawaye, muka zama mu biyu masu kuka.

Da la'asar muka dawo unguwarmu Bronx. A bakin ƙofarta na juye mata sababbin tokin a tafin hannu. Ta ƙi, na ce ba ni na ba ta ba, Malam ne.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: abin da mamaci ya tara, mai rai ya tara wa, ko da bai san sunansa ba. Ƙaramin da na zare yana ƙulle a bakin zanena. Ba ya buɗe kowace ƙofa, amma da shi zan hau jirgin gida.