Ranar da Ruwa Ya Ci Mutum a Kan Gado

Shekaruna hamsin yanzu, kuma abubuwa da dama da na taɓa cewa ba zan manta ba sun riga sun shuɗe daga raina. Amma akwai wata azahar guda a ƙasar Madarumfa wadda na tabbata da ita za a kai ni kabari.

A lokacin Nasara bai tafi ba. Ina ɗan shekara ashirin da biyu, sabon fitowa daga makarantar aikin jinya, aka ajiye ni a wani ƙaramin gidan likita mai ɗaki biyu, ba nisa da tabki. Majo, wato shugabanmu, ya tafi Maraɗi ɗauko magunguna, ya bar ni ni kaɗai.

Da hantsi aka kawo wani dattijo bisa jaki, daga cikin Anna masu bin addinin kakanni. Kwana biyu yana amai da gudawa. Idanunsa sun faɗa, harshensa ya bushe, fatar hannunsa kuwa idan na tsunkule ta sai ta tsaya a tattare. Damina ce, maza suna gona, don haka matar ɗansa ce ta rako shi.

Ruwan ƙari iri biyu muke da shi cikin kwalabe: na gishiri, wanda ke cika jijiyoyin wanda ya ƙafe, da na sukari, wanda ke ba da ɗan ƙarfi. Na dafa igiyar roba da allura, na rataye kwalbar gishiri a ƙusa. Kafin ta ƙare bugun jijiyarsa ya dawo, ya buɗe ido ya bi igiyar da kallo har sama.

"Ɗan likita," in ji shi, "ashe ku ta hannu kuke shayar da mutum? To, a dama fura a zuba mana."

Na yi dariya, na ɗaura ta biyu. Ba zan ɓoye ba, girman kai ya shige ni, domin na ga kamar da hannuna na janyo mutum daga bakin lahira.

An koya mana cewa ba a ci gaba da ƙara wa tsoho ruwa sai an tabbatar abin da ke shiga yana samun hanyar fita. Dattijon ya yi barci, sai na juya ga surukarsa.

"Baba ya yi fitsari kuwa?"

Ta ja zane ta rufe fuska, ta juya ga bango. Can ƙasa-ƙasa na ji ta ce, "I."

Ni Bahaushe ne, ɗan Bahaushe. Na san matar da ba ta iya furta sunan uban mijinta ba za ta tsaya ta yi wa wani namiji bayanin fitsarinsa ba. Za ta faɗi duk abin da zai kawo ƙarshen tambayar. Na kuma ga tasar da ke ƙarƙashin gado a bushe, na ce wa kaina ta zubar ne ta wanke. Na ɗaura kwalba ta uku, na sakar mata gudu, na fita gindin bishiya wankin gyambon wasu majinyata.

Rana na tsakiya na ji ƙarar. Irin ƙarar tulu ce idan aka danna shi cikin rijiya yana cika. Na shiga da gudu. Dattijon yana zaune, jijiyoyin wuyansa sun kumbura, kumfa mai jaja-jaja tana fita ta baki da hanci. Hannayensa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya kamar mai iyo. Ɗakin a bushe yake ƙayau, rana na shigowa ta taga, shi kuwa idanunsa na kallon sama kamar wanda ke hango haske daga ƙarƙashin ruwa.

"Ku turo gora," yake cewa. "Ku turo mini gora!"

Goran da masunta ke hawa cikin tabki yake nema. Na tsinke ruwan, na jingina shi da ƙirjina, amma babu wani abu a akwatinmu da zai fitar da abin da na riga na zuba. Kafin la'asar ya cika.

Wansa, tsoho tukuf, ya iso da yamma tare da danginsu. Ya shafi kumfar, ya murza ta tsakanin yatsu, ya gyaɗa kai.

"Ruwa ne ya ci shi. Na sha ciro irinsu."

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, ya riga ni.

"Shekara tara rabonsa da tabki. Mai ruwa, aljanin tabkin, ya nemi baƙin bunsuru, ya hana shi, ya rataye komarsa ya koma noma, wai ya ga ta inda za a cim masa. To, ga shi har ɗaki. Kai, ɗana, hannunka kawai aka ara. Kada ka sa a rai."

Na bar shi a haka. Suka naɗe shi cikin tabarma suka nufi wajen tabki, ba wajen gari ba, domin wanda ruwa ya ci na ruwa ne. Surukar ce ta ƙarshen fita. Ta tsaya a bakin ƙofa ba tare da ta dube ni ba.

"Bai yi ba," ta ce. "Tun jiya bai yi ba. Bakina ne ya kasa."

Bayan shekaru na je jami'a, na karanta yadda ƙoda ke tsayawa idan jiki ya daɗe a ƙafe, da yadda ruwan da ya rasa mafita ke taruwa a huhu. Babu inda bayanin ya buƙaci mai ruwa. Duk da haka abin da ke tayar mini da tsikar jiki har yau shi ne sanyin da na ji a zuciyata sa'ad da tsohon ya wanke ni, da yadda na karɓi wankin da hannu biyu. Ita da kunya ta ɗaure ta samu ƙarfin faɗin nata laifin, ni mai ilimi na haɗiye nawa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ruwan da ke rayarwa yana kisa idan aka bar auna shi, kuma amsar da mutum ya karɓa don ita yake son ji ba shaida ba ce. Tun daga nan ban sake ɗaura wa kowa kwalba ba sai na sunkuya na duba tasa da idona.