Takardar da na ɓoye a jakar ruwa

Ɗiyata ta fari ce ta koya mini kwamfuta, ni da na tsaya a aji shida a lakwal. Da ta gama karatu ta dawo Badagishiri, ta rubuta wa ƙungiyarmu ta masu garka manhaja uku ta waya: ta iri, ta sito, da ta rabon ruwa, mai faɗa wa kowa ranar da injin ban ruwa zai zo garkarsa. Ni ne magatakarda, sai ta zaunar da ni kusa da ita.

A cikin kwamfuta kowace manhaja da jakarta, duka ukun kuma cikin babbar jaka ɗaya. A bakin babbar ta ajiye 'yar takarda mai ƙa'idoji: harshen da za su yi, da irin wayar da za su hau.

"Baba, in an zo haɗa manhaja, jakarta take fara dubawa. In ba ta ga takarda ba, sai ta hau sama, wurin babbar jaka. In ta gani kusa, shi ke nan, ba ta ƙara tambayar kowa."

"Kamar yaran yanzu," na ce.

"Kamar wasu tsofaffi dai," ta ce, tana dariya.

A takardar ta sa Hausa. Ni kuwa na so ta ruwa ta yi Faransanci, don mutanen buro, wato ofis, na Illela su yaba. Ran da ta tafi kasuwa na kwafi takardar, na sa a jakar ruwa, na ɗora Faransanci a kan shafin farko.

Da rani ya kama, ta gyara takardar babbar jaka don manhajojin su hau tsofaffin wayoyi. Biyu suka bi. Ta ruwa ta ƙi buɗewa a hannun manoma. Layin ban ruwa ya rikice, albasar mutum biyu ta ƙone. A taro aka taso wa ɗiyata, ta dube ni. Na ce, "Aikin yara ne, ku yi haƙuri." A lokacin na riga na fara zargin takardata.

Kwana uku tana nema. Da ta gano, ta juyo mini da kwamfutar kawai, ta tashi ta ɗauki buta. Kafin damina ta sami aiki a Yamai.

Tana kira duk Juma'a. Ta tambayi ƙafata, ta tambayi mahaifiyarta. Kwamfuta kuwa ba ta sake ambata ba. Kujerar robar da take zama tana nan a rumfa, wani lokacin in ji kamar za ta ce in matsa, na tare mata haske.

Bana na goge takardar nan, na haɗa manhajar yadda ta nuna mini. Ta hau sama, ta sami takardar ɗiyata, ta buɗe a tsohuwar wayata da Hausa.

A wurinmu uba ba ya kiran sunan 'yar fari, na kuwa daɗe ina fakewa da wannan kunyar. Jiya na danna wurin aika murya na ce, "Ke, ni ne na sa takardar, kin sani. Abin da na faɗa a taro ne nake so ki yafe." Alama ta nuna ta saurara. Wayar na aljihun gaba, na ƙure mata ƙara.